Anton de Bary, Malamin Zaman Taren Halittu

Yara, in kun bi makiyayi zuwa daji za ku ga carki bisa bayan saniya yana tsintar kaska. In kun ɗaga kai za ku ga kauci ya kama reshen itace yana shan ruwansa. In kun tuge saiwar wake za ku ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle manne da ita. Tsuntsu da dabba, kauci da itace, wake da abin da ke cikin ƙullensa: kowane biyu daga cikinsu ba dangin juna ba ne, amma ga su suna zaune tare. Akwai wani malami da ya yi rayuwarsa yana duban irin wannan zama, har ya bayyana wa duniya muhimmancinsa. Sunansa Anton de Bary. Ga tarihinsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Anton de Bary ran 26 ga Janairu 1831 a birnin Frankfurt, cikin ƙasar Jamus. Ubansa likita ne. Su goma ne wajen iyayensu. Tun yana yaro yake son tsirrai. In an tashi daga makaranta sai ya fita bayan gari yana tsintar ganyaye da furanni da gansakukar bakin ruwa, ya kawo gida ya jera. Akwai wani likita a garin, Georg Fresenius, wanda ya san tsirrai ƙwarai. Da ya ga himmar yaron sai ya jawo shi kusa, ya koya masa yadda ake duban ƙananan abubuwa da mikroskop, wato madubin nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani.

Da ya gama makarantar garinsu sai ya bi sawun ubansa. Ya yi karatun likita a Heidelberg da Marburg, sa'an nan a Barlin, inda ya samu takardarsa a shekarar 1853, yana da shekara 22. Ya koma gida ya fara duba marasa lafiya. Amma aikin bai kama zuciyarsa ba. Bai daɗe ba ya ajiye shi, ya tafi jami'ar Tübingen yana koyar da ilimin tsirrai. A shekarar 1855 aka ba shi kujerar malamin tsirrai a jami'ar Freiburg, yana da shekara 24 kawai. A can ya auri Antonie Einert a shekarar 1861, suka haifi ƴaƴa huɗu.

Ko da ya bar duba mutane, bai bar aikin likita ba. Sai dai marasa lafiyarsa sun zama alkama da dankali.

Daga ina ciwon shuka yake fitowa?

Kun san burtuntuna, wadda ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari kamar toka. Manoman Turai ma suna da irinta a gonakinsu, suna kuma da wani ciwo da ake kira tsatsar alkama, don yana sa ganye ya yi ja kamar ƙarfen da ya kwana cikin ruwa. A wancan zamani malamai da yawa suna cewa ciwon daga cikin shuka yake tsirowa. A ganinsu, in ruwan jikin shuka ya lalace, sai ya rikiɗa ya zama wannan gari.

De Bary bai yarda ba. A shekarar da ya gama karatu ya fitar da littafi bisa waɗannan cututtuka. Ya nuna cewa garin nan iri ne na wata halitta mai rai, dangin funfunar da ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Halittar tana shigowa daga waje, ta miƙa ƴan zarurrukanta cikin ganye, ta ci abincin shuka. Wato ciwon baƙo ne, ba ɗan gida ba.

Maganar ba ta wasa ba ce. Daga shekarar 1845 wani ciwo ya faɗa wa dankalin turawa a ƙasashen Turai. Ganye ya yi baƙi, dankali ya ruɓe cikin ƙasa. A tsibirin Irlanda, inda talakawa ba su da wani abinci sai dankali, aka yi yunwa mai tsanani. Mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu wajen miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Wani malamin Ingila, Berkeley, ya ce funfuna ce ta jawo wannan masifa, amma mutane da yawa suka ƙi maganarsa. Wasu suka ce yawan ruwan sama ne, wasu suka ce ƙasa ce ta gaji.

De Bary bai tsaya gardama ba, sai ya yi gwaji. Ya samo dankali masu lafiya, ya raba su kashi biyu. Ya ɗebo irin funfunar daga ganye mai ciwo ya barbaɗa wa kashi ɗaya, ya bar ɗayan. Ya ajiye su duka cikin laima iri ɗaya. Wanda aka barbaɗa wa ya kamu, wanda aka bari ya zauna lafiya. Da mikroskop kuma ya ga yadda ƴan ƙwayoyin ke iyo cikin ɗigon ruwa bisa ganye, su tsiro, su huda su shiga. Ya bayyana wannan aiki a shekarar 1861. Daga baya, a 1876, ya raɗa wa halittar suna Phytophthora infestans. Kalmar farko ta Girkanci ce, ma'anarta mai halaka tsirrai. Yau masana sun gano cewa ba funfuna ce ta ainihi ba, kama kawai suka yi, amma sunan da ya ba ta yana nan, kuma abin da ya gani gaskiya ne.

Ciwo mai gida biyu

Tun kaka da kakanni manoman Turai suke zargin wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira barberi. Sun lura cewa alkamar da ke kusa da shi ta fi yin tsatsa. Masu ilimi suna yi musu dariya, suna cewa camfi ne na mutanen ƙauye, domin tabon da ke bisa ganyen barberi bai yi kama da na alkama ba ko kaɗan.

De Bary ya ɗauki maganar manoma da daraja. Ya ɗebo irin tsatsa daga karan da ya wuce lokacin sanyi, ya sa bisa ganyen barberi, sai ga tabon barberi ya fito. Ya ɗebo irin da tabon ya haifa ya mayar bisa shukar gona, sai ga tsatsa. A shekarar 1865 ya tabbatar cewa halitta ɗaya ce, tana da gida biyu, tana canza kama in ta canza gida. Ashe manoma ne ke da gaskiya.

A nan ya koyi darasi babba. Ba a iya gane rayuwar wannan funfuna in an dube ta ita kaɗai. Siffarta da lokacin haihuwarta duka sun dace da na masu masaukinta, kamar yadda kube yake dacewa da wuƙa.

Tsiro ɗaya, halitta biyu

Akwai wani abu da ke manne wa duwatsu da ɓawon itace kamar tabo, wani fari-fari, wani rawaya, wani tsanwa. Turawa suna kiransa liken. Yana rayuwa inda sauran tsirrai ba su iyawa, bisa busasshen dutse, cikin tsananin sanyi ko tsananin rana. Kowa ya ɗauka tsiro ne guda ɗaya. Amma in an yanka shi an duba, sai a ga zarurruka irin na funfuna sun kewaye wasu ƴan ƙwayoyi masu launin tsanwa irin na gansakuka.

A cikin littafin da ya fitar a 1866, de Bary ya kawo shawarar cewa mai yiwuwa wasu liken haɗin halitta biyu ne. Shekara ɗaya bayan haka wani malami ɗan ƙasar Suwis, Simon Schwendener, ya ce haka dukan liken suke. Manyan masanan liken suka fusata. Wasunsu har suka mutu ba su yarda ba. Amma gwaji ya nuna gaskiya. Gansakuka tana haɗa abinci da hasken rana, ta ciyar da funfuna. Funfuna kuma tana riƙe ruwa, ta kama dutse, ta yi wa gansakuka inuwa. Kowace ita kaɗai ba ta iya zama bisa dutsen. Da suka haɗu sai suka zama wani sabon abu, mai siffarsa dabam.

Jawabin Kassel

A shekarar 1867 de Bary ya koma jami'ar Halle. Bayan yaƙin Faransa da Jamus na 1870 zuwa 1871, Jamus ta karɓe birnin Strasbur, ta sake kafa jami'arsa. A 1872 aka kira shi can, ya zama shugabanta na farko. Yau birnin yana cikin Faransa, kuma lambun tsirran da aka dasa a zamaninsa yana nan.

A shekarar 1878 masana halitta da likitocin Jamus suka yi babban taro a garin Kassel. De Bary ya tashi ya yi jawabi, aka buga shi a 1879. Ya tattara abin da ya gani cikin shekaru 25 ya ba shi suna ɗaya, simbiyos, kalmar Girkanci mai nufin zaman tare. Wani malami, Albert Frank, ya riga shi amfani da kalma mai kama da ita a 1877, amma jawabin de Bary ne ya bazu cikin duniya.

Abin da yake nufi shi ne zaman halittu biyu waɗanda ba iri ɗaya ba, jiki da jiki. Ya nuna cewa zaman yana da fuska da yawa. Wani na cuta ne: ɗaya na ci, ɗaya na ramewa, kamar tsatsa da alkama, ko ƙuduji da hatsi a gonakinmu. Wani na cin arziki ne: ɗaya na ƙaruwa, ɗayan bai yi asara ba. Wani kuma na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kowa na samu, kamar liken. Ya ce babu katanga tsakanin waɗannan ukun, akwai matakai ne daga wannan zuwa wancan.

Cikin misalansa akwai azola, wani ɗan tsiro da ke yawo bisa ruwa. Cikin kowane ganyensa akwai ɗan rami, cikin ramin kuma akwai wata ƙaramar halitta mai launin tsanwa da shuɗi. Tsiron ya yi wa baƙonsa ɗaki cikin jikinsa. Yau mun san cewa baƙon yana biyan kuɗin haya: yana ɗebo azot daga iska, wato sinadarin da ake saye cikin takin zamani. Don haka ne manoman Sin da Biyetnam suka daɗe suna sa azola cikin gonakin shinkafa.

A nan ne de Bary ya kawo magana mafi nauyi. Tun 1859 Charles Darwin na Ingila ya bayyana cewa irin halittu yana sauyawa sannu a hankali, daga zuriya zuwa zuriya, cikin dogon zamani. Mutane da yawa da suka karanta shi ba su riƙe kome ba sai kokawa, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. De Bary ya yarda da sauyin halittu, amma ya ce a duba zaman tare ma. In halittu biyu suka zauna jiki da jiki, kowace tana iya canza siffar ɗayar. Kuma wannan abu ne da ake iya gwadawa: a raba su a gani, a sake haɗa su a gani.

Malami da almajiransa

De Bary bai gina makaranta mai cewa kowa ya bi ra'ayinsa ba. Yana ba ɗalibi mikroskop da aiki, ya bar shi ya duba da idonsa, sa'an nan ya zo ya yi masa tambayoyi. Ɗalibai da yawa suka zo wajensa daga Rasha da Ingila da Faransa da Amurka da Japan. Millardet na Faransa, wanda ya haɗa maganin feshi mai kare inabi daga funfuna, ɗalibinsa ne. Winogradsky na Rasha, wanda ya buɗe ilimin ƙwayoyin da ke cikin ƙasar noma, shi ma ya yi aiki a ɗakin aikinsa.

A ƙarshen rayuwarsa ciwon daji ya kama shi a muƙamuƙi. Aka yi masa aiki, bai warke ba. Ya rasu a Strasbur ran 19 ga Janairu 1888, saura kwana bakwai ya cika shekara 57.

Irin da ya shuka

Hausawa sun ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Amma wani lokaci wanda ya yi shuka ba shi ne ke ganin kaka ba.

A 1886 Hellriegel da Wilfarth na Jamus suka nuna cewa dangin wake suna samun azot daga iska ta hanyar ƙullen saiwarsu. A 1888, shekarar da de Bary ya rasu, Beijerinck na ƙasar Holan ya fitar da halittar da ke cikin ƙullen. Bakteriya ce, wato ƴar mitsitsiyar halitta da ido ba ya gani. Wake na ba ta sukari, ita tana ba shi azot. Shi ya sa wake da gyaɗa ke gyara gona, shi ya sa manomi ke haɗa hatsi da wake. Gawo ma ɗan wannan dangi ne.

Amma babban girbi ya fito daga wani wuri. Jikin kowane tsiro da kowace dabba an gina shi da ƴan ƙananan tubala masu rai, ana kiransu sel. Cikin sel na ganye akwai ƴan ƙwayoyi masu launin tsanwa, kloroplas, su ne ke haɗa abinci da hasken rana. A 1883 wani ɗalibin de Bary, Andreas Schimper, ya lura cewa waɗannan ƙwayoyi suna rabuwa biyu su hayayyafa da kansu, kamar wasu bakteriya masu rayuwa cikin ruwa. Ya yi tambaya ko tsiro ma haɗin halitta biyu ne, kamar liken. A 1905 Mereshkowski na Rasha ya ce lalle haka ne. Cikin shekarun 1920 Ivan Wallin na Amurka ya faɗi haka bisa wasu ƙwayoyin, mitokondiri, waɗanda ke ƙona abinci da iskar oksijen su ba jiki ƙarfi. Sauran masana suka yi watsi da maganar shekara da shekaru, don babu shaida.

A 1967 wata malama ƴar Amurka, Lynn Margulis, ta sake tayar da zancen. Mujallu da yawa suka ƙi buga takardarta kafin wata ta karɓa. A wannan karo shaida ta samu. An gano cewa kloroplas da mitokondiri suna da nasu A.D.N., wato zaren gado wanda kowace halitta ke miƙa wa ƴaƴanta. Da aka karanta shi sai aka ga na dangin bakteriya ne. Yau masana kimiyya sun yarda da wannan bayani: fiye da shekara miliyar ɗaya da rabi da suka wuce, wani sel ya haɗiye wata bakteriya, bai narkar da ita ba. Ta zauna cikinsa tana ba shi ƙarfi, yana ba ta abinci da mafaka, har suka zama ba su iya rabuwa. Daga wannan haɗi ne dabbobi da tsirrai da funfuna suka samo irin sel ɗinsu. Daga baya wani cikin zuriyarsa ya haɗiye bakteriya mai amfani da hasken rana, ita ce ta zama kloroplas.

Ke nan baƙo ya daɗe har ya zama ɗan gida. Tsanwar ganyen hatsi daga wannan zama ta fito. Ƙarfin da kuke gudu da shi a filin makaranta, mitokondirin jikinku ne ke ba ku shi. Saniya ma ba ta iya narkar da ciyawa sai da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbinta. In babu su, babu nono, babu fura da nono.

De Bary bai san duk wannan ba. Bai taɓa jin labarin A.D.N. ba. Abin da ya bari shi ne hanya. Ya fara da neman abokan gaban shuka don kada mutane su sake mutuwa da yunwa. Da ya daɗe yana dubansu cikin haƙuri, sai ya ga cewa tsakanin halitta da halitta ba faɗa kaɗai ke akwai ba, kuma zaman tare yana iya haifar da abin da da can babu shi.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Anton de Bary, kuma wane karatu ya fara yi?
2. Wane gwaji ya yi don ya nuna abin da ke ruɓar da dankali?
3. Me ya sa bai bar kashi ɗaya na dankalin ba tare da barbaɗa masa kome ba a banza? Mene ne amfanin wannan kashi?
4. Wace magana ta manoma ce ya tabbatar a 1865?
5. Waɗanne halittu biyu ne ke cikin liken? Me kowace ke ba ɗayar?
6. Ku faɗi irin zaman da ke tsakanin kauci da itace, da tsakanin balbela da shanu, da tsakanin wake da bakteriyar saiwarsa.

Aiki

Da damana, ku nemi izinin mai gona ku tono wake ɗaya da hatsi ɗaya, a hankali don kada saiwa ta tsinke. Ku wanke su da ruwa. Wanne ke da ƙulle-ƙulle? Ku ƙirga su. Ku fasa ɗaya da farce ku duba launin cikinsa: in ja-ja ne, baƙin suna cikin aiki. Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku. Sa'an nan ku tambayi wani tsohon manomi dalilin da ya sa yake haɗa wake da hatsi a gona ɗaya, ku kawo amsarsa aji.